Ciwon kan da ke tashina ƙarfe 2 na dare

Makonni shida ke nan, kullum ƙarfe 2 na dare sai in farka kamar an soka min ƙusa mai zafi a bayan idon dama. Idon ya yi jajir yana zubar da hawaye, hanci ya toshe, ni kuwa sai safa da marwa a tsakar gida. Inna ta ce sammu ne.

Likita ya ce min jijiyoyin jini na kewayen idon kan buɗe a lokacin, amma tushen abin yana can cikin ƙwaƙwalwa, wurin da ke riƙe da agogon jiki. Allurar sumatriptan da ya rubuta min tana kwaikwayon serotonin, wani sinadari mai kai saƙo a ƙwaƙwalwa: ta tsuke jijiyoyin, ta lafar da jijiyar fuska mai kai saƙon zafi. Cikin minti 15 nake samun kaina. Da yake allurar tana tsuke jijiyoyin jini, sai da ya auna zuciyata kafin ya yarda ya ba ni.