Yadda na zaɓi babur ɗina na farko a Kumasi

Wata goma sha huɗu ina zubin adashi saboda babur. Ni tela ne a Aboabo, kuma kusan kullum sai na shiga kasuwar Kejetia sayen zare, shadda ko maɓalli, in kai wa mutane ɗinkinsu a Asawase ko Tafo. Wanda ya taɓa zama cikin trotro, ƙaramar bas ta haya, da rana tsaka, ga ɗinkin biki a kan cinya, ga uwar amarya tana ta buga waya, ya san abin da ya sa na ƙwallafa rai a kan moto, kamar yadda muke ce masa a Zango.

Da na ɗauki kuɗin adashin, raina yana kan wani ƙaton babur na hannu da aka shigo da shi daga waje, mai ƙarfin cc 400, baƙi wuluk, salansa biyu. Idan aka murɗa masa totur har cikin ƙirji kake jin sa. Na kai labarin wurin kawuna, wanda ya yi shekaru yana hawan babur tun yana Tamale. Bai hana ni ba. Ya ce, "To ɗana, gobe ka sa a kawo shi Magazine, mu nuna wa Masta makanike."

Suame Magazine gari ne guda na makanikai da masu walda da masu sayar da kayan gyara. Mun sami Masta a rumfarsa, hannu duk baƙin mai. Bai ma kunna babur ɗin ba. Ya ce in hau, in sauke ƙafafuna. Yatsun ƙafata kaɗai suka taɓa ƙasa. Ya ce in sauka in tura shi zuwa bakin kwata in juyo da shi. Kafin in gama juyawa ya rinjaye ni, sai da yaran shago biyu suka tare. Nauyinsa ya kusa kilo 200. Masta ya dube ni ya ce, "Yaro, a Anloga Junction idan fitila ta tsayar da kai, tifa na gefenka, wa zai tare maka?" Daga nan ya kira wani mai kaya ya tambaye shi ko yana da filetin kulocin irin wannan. Mutumin ya ce sai dai a aika Accra, Abossey Okai, kuma ba lallai a samu ba.

Ranar na koma gida jikina a sanyaye, amma na fahimci abin da suke nuna mini. Babur ɗin da ya dace da sabon hannu shi ne wanda tafin ƙafarsa biyu ke zama daram a ƙasa, wanda idan ya faɗi zai iya ɗaga shi shi kaɗai, wanda kowane fita, wato makanike, a unguwa ya san cikinsa. A Kumasi wannan yana nufin masu cc 100 zuwa 150: Haojue, Apsonic, Royal, Boxer na kamfanin Bajaj, ko TVS. Nauyinsu bai cika wuce kilo 130 ba, ba sa shan mai da yawa, kuma sarƙarsu, filoginsu, wayar birki da ta kuloci duk suna rataye a shagunan bakin hanya. Na ɗauki sabon mai cc 125. Ya hau tudun Kumasi da ni da buhun yadi ba tare da ya yi nishi ba, kuma idan hannuna ya zarce a totur ba ya fizgata.

Ba na kushe na hannu, domin akwai masu kyau, kuma ba kowa ke da kuɗin sabo ba. Sai dai ka je da fitanka. Masta ya koya mini a taɓa injin kafin a kunna, idan da ɗumi to an riga an tayar da shi don ɓoye wahalar tashi. A duba hayaƙi, idan shuɗi-shuɗi ne yana cin baƙin mai. A duba haƙoran sifoket, faifan ƙarfen da sarƙa ke hawa, idan sun yi tsini sun lanƙwashe an ci rabonsu. Sannan a gwada lambar inji da ta firam da abin da ke cikin takarda, harafi da harafi. Wani abokina ya sayi na hannu a wurin wani mutum da ya ce takardu suna gida zai kawo. Har yau bai kawo ba, babur ɗin kuma ba ya iya fita da shi babban titi.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne raba kuɗin. Kawu ya hana ni zuba duka a kan babur. Ya sa na ware na rajista a DVLA, wato hukumar lasin da rajistar ababen hawa, na inshora, na lasin ajin A wanda shi ne na masu babur, da na hular kwano. Doka ta 683 ta shekarar 2004 ta wajabta hular ga direba da wanda ya goya, amma ni ba tsoron ɗan sanda ya sa na saye ta ba. Na taɓa zuwa dubiya asibitin Komfo Anokye, na ga saurayi sa'ana da kai a naɗe, mahaifiyarsa tana zaune a gefen gado tana jan carbi, bai san ma ta zo ba. Na sayi mai rufe haɓa, na gwada ta a shagon, na girgiza kai na tabbatar ba ta lilo. Na ƙara ta biyu saboda maiɗakina.

Makonni uku ban hau titi ba. Kowace Lahadi bayan sallar asuba muna zuwa filin wata makaranta, kawu ya jera gwangwanayen madara, in yi ta zagaya su a giya ta ɗaya. A nan na koyi sakin kuloci a hankali, na kuma daina tsoron birkin gaba, wanda da nake ji ana cewa shi ke kifar da mutum. Ashe shi ya fi tsayar da babur, matsawa ake yi sannu a hankali tare da na baya, ba a damƙe shi lokaci guda, musamman a kan yashi ko bayan ruwan sama. Ka kuma tambayi tsarin giya tun a shago, don wasu duka ƙasa ake takawa, wasu ɗaya ƙasa sauran sama.

Da na cika kilomita 500 na koma Magazine aka juye baƙin mai na farko. Masta ya nuna mini shi a cikin tasa, ga ƙananan ɓurɓushin ƙarfe suna ƙyalli, ya ce haka sabon inji yake yi kafin ya zauna. Ya ja sarƙa, ya ɗaure ƙusoshin da suka saki, ya ce kowace Juma'a kafin masallaci in duba iskar taya in ɗiga wa sarƙa mai. Na ɗauko kuɗi ya ƙi karɓa, sai ya miƙo mini yadi biyar na farar shadda a leda, ya ce kaftani yake so kafin Sallah.