Harafi ɗaya ya sa marayu biyar suka zama waɗanda ake ƙara

Jiya na miƙa makullin ofis, shekara huɗu da wata uku kenan ina buga takardu a ofishin lauya, kuma cikin duk abin da ya faru a wajen nan abu ɗaya ne har yau ya ƙi barin raina.

Wata baiwar Allah ce ta zo, fitowarta daga takaba kenan, mijinta ma'aikacin gwamnati ne ya rasu ya bar mata yara biyar, ana son takardar rantsuwa kafin a fara maganar haƙƙinsa. Oga na tsaye a kaina yana faɗa ina bugawa, waya a kunnensa, ya ce in jera sunayen yaran a ƙarƙashin dependants, wato waɗanda mamacin yake ɗauke da nauyinsu. Ni kuma na buga defendants, waɗanda ake ƙara a kotu, kalmar da nake bugawa sau goma a wuni har hannuna ya saba da ita. Kwamfuta ba ta ja jan layi ba don ai kalmar daidai take a Turanci, wurin ne ba nata ba. Oga ya karɓa ya juya shafi ya buga hatiminsa, matar ta je kotu ta biya kuɗi ta dangwala yatsa, ta kai takardar inda za a kai. Sati uku sai ga ta ta dawo da ita.

Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ta yi, "'Yata, sun ce wai Turancin ne ba daidai ba, a taimaka a gyara min." Kuɗin motar ma rance ta ci. Oga kuwa a gaban mutane cike da ofis ya fara, ke wai wace makaranta kika yi, waye ya ba ki kiredit a Ingilishi, ya yanke min dubu biyar a albashi kuma ko sisi bai kai hannun matar ba, ni na ciro kuɗin mota daga jakata na ba ta a bakin ƙofa. Laifina ne ban musa ba, da na karanta jimlar da hankali da na gane babu abin da ya haɗa jaririn goye da zama wanda ake ƙara. Amma shi ma fa da f ya furta ta, kuma shi ya buga hatimi bai karanta ba, wannan dai ba a taɓa maganarsa ba.

Daga baya ne na gane ba daƙiƙanci ba ne, bakinmu ne. Hausa ba ta raba p da f ba, sauti ɗaya gare mu, wani ya faɗe shi kamar p wani kamar f, mutanen Sakkwato ma su kai shi wajen h, shi ya sa pull da full, pan da fan, copy da coffee duk suke zuwa kunnenmu kusan iri ɗaya. In ana maka shifta kuma mai faɗar Bahaushe ne, kai ma Bahaushe, to kunne ba zai cece ka ba sai dai ma'ana. Tun daga ranar duk kalmar da na yi shakka nakan ce Oga a rubuta min a takarda, ya yi tsaki ko kar ya yi.

Na sayi tsohon ƙamus na Oxford a Sabon Gari da littafi mai ganye 60, duk tagwayen da na ci karo da su in rubuta da fassararsu da Hausa. Deceased mamaci, diseased mai ciwo. Principal shugaban makaranta ko uwar kuɗin bashi, principle ƙa'ida. Stationery kayan rubutu, stationary abin da ke tsaye baya motsi. Advice shawarar, advise bayar da ita. Lose a rasa, loose sako-sako. Borrow da lend kuwa mu da aro muke yin duka biyun, na ari biro, ara min biro, daga nan borrow me ya samo asali a bakinmu. Har ita dependant ɗin ma, a rubutun Ingila wanda shi muke bi mai harafin a (dependant) ita ce mutumin, mai harafin e (dependent) siffa ce.

Bara Oga ya rubuto wasiƙar ta'aziyya da hannunsa zuwa ga iyalan wani babban alƙali, ya sa the diseased har wuri biyu. Na gyara na buga na kai masa ya sa hannu, ban ce masa komai ba, har na bar aikin bai sani ba.

Da zan tafi ya ce in bar littafin a ofis tunda a nan na rubuta shi. Na yi wa sabuwar yarinyar fotokwafi na sa mata a durowa, nawa kuma yana jakata.