Shekara Goma Sha Huɗu Ban Taka Ƙofar Majami'a Ba

Ranar Lahadin da ta wuce na biya gidan ƙanwata a Sabon Tasha da misalin ƙarfe takwas na safe domin mu tafi sujada tare, kamar yadda muka saba tun bayan rasuwar mijinta. Na tarar da ɗanta na fari, wanda ya gama hidimar ƙasa bara, a kishingiɗe kan kujera da waya a hannu, ko wanka bai yi ba. Da na tambaye shi ko ba zai shirya ba, sai ya ce: "Kawu, ni fa na daina zuwa. Bangaskiyata a zuciya take, kuma wa'azin da nake ji a waya ya fi wanda ake yi mana can." Har ya kawo mini ayar nan ta Matta 18:20 da ke maganar inda mutum biyu ko uku suka taru cikin sunan Ubangiji. Na so in tuna masa cewa ayar biyu ko uku ta ce, shi kuwa shi kaɗai ne a falon, amma bakina ya yi nauyi, domin maganar da ya faɗa kusan ita ce na faɗa wa mahaifiyata a shekarar 1991, illa dai ni rediyo na dogara da shi, ba waya ba.

Mu 'yan gidan addini ne tun asali. Kakanmu na cikin mutanen ƙasar Zazzau da suka karɓi bishara a zamanin Likita Mila, mutumin da ya yi fama da aikin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa har aka buga shi a 1932, kuma mahaifina yakan kai mu Wusasa mu ga tsohuwar majami'ar nan ta ginin ƙasa da aka gina tun 1929. Na yi makarantar Lahadi, na shiga ƙungiyar mawaƙa, na haddace Littafin Waƙoƙi kusan rabi. Saboda haka ba jahilci ne ya fitar da ni ba, kuma ba shakkar Allah ba ce. Kuɗin gini ne.

A ikilisiyar da nake zuwa a Kaduna, wadda ba zan faɗi sunanta ba, an ɗora ni a kwamitin sabon gini saboda aikin lissafi nake yi. Shekara biyu ana tara baiko na musamman, mata na sayar da ƙosai da kunu suna kawowa, amma da na haɗa rasitai da abin da ke cikin asusu sai na ga giɓi mai yawa. Na faɗa a taron dattawa, aka ce in yi haƙuri. Na sake faɗa a gaban jama'a bayan sujada, aka ce na ci mutuncin manya, aka sa ni ƙarƙashin horo na wata uku, wato in zauna a bencin baya kuma kada in ci Jibin Ubangiji. Na zauna a bencin nan Lahadi ɗaya tak, daga nan ban sake komawa ba sai a 2005. Har yau ina nan a kan bakana cewa lissafina daidai ne, kuɗin nan an ci su, kuma duk wanda ya ce da ni in manta da haka bai san zafin a hukunta mai gaskiya a bar ɓarawo a kujerar gaba ba. Sai dai kuma Kaduna cike take da majami'u, da gaskiyar kaɗai nake nema da na koma wata. Ban koma ba, domin barcin safiyar Lahadi ya yi mini daɗi, fushin kuma ya zame mini hujjar da nake fakewa da ita.

Abin da nake so matasa su gane shi ne, abubuwan da aka tsoratar da ni da su ba su faru ba. Mahaifiyata ta ɗauka zan zama mashayi ko mazinaci, ko in wayi gari in ce babu Allah. Ko ɗaya bai auku ba. Na ci gaba da addu'a kafin cin abinci, ban taɓa karɓar cin hanci a wurin aiki ba, na riƙe matata ɗaya, ina biyan kuɗin makarantar 'ya'yan 'yan'uwa. Na san mutanen da ba sa fashin sujada amma ba za ka ba su ajiyar naira ɗari ba, kuma na yi aiki da wani Bature da bai yarda da kowane addini ba, wanda ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Saboda haka idan wani ya ce muku barin majami'a kai tsaye yake mai da mutum lalatacce, ni shaida ne cewa ba haka ba ne, kuma irin wannan barazana ce take sa yara su daina gaskata manya.

Lalacewar tawa ta wani gefe ta ɓullo, kuma ban gan ta ba sai bayan shekaru. A watan Fabrairu na 2000 rikicin shari'a ya ɓarke a Kaduna, aka kashe mutane masu ɗimbin yawa, gari ya rabe biyu, Kirista suka kwararo kudancin kogi, Musulmi suka koma arewacinsa. Mu ma mun bar gidan da muke haya a Tudun Wada da abin da hannu zai iya ɗauka. A majalisar da muke zama da yamma bayan wannan, babu wanda ya kai ni ɗaga murya a kan kare addini. Ni ne mai lissafa majami'un da aka ƙona tun daga rikicin Kafanchan na 1987, ni ne mai faɗa wa mutane wanda za su zaɓa da wanda ba za su zaɓa ba, ni ne mai cewa zaman tare ya ƙare. Shekara tara ke nan rabona da jin an karanta mini Wa'azin Kan Dutse, inda Yesu ya koyar da gafara da ƙaunar maƙiyi, amma ina ganin kaina jarumin Almasihu. Addinin bai fita daga jikina ba, rikiɗa ya yi ya zama tuta da katin jam'iyya, ya zama sunan da nake kiran "mu" da shi domin in ware "su".

Wata rana wani dattijo, mai bishara mai ritaya da ya rasa ɗa a rikicin nan, ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce: "Ɗana, a wace ikilisiya kake sujada?" Aka yi dariya, ni kuwa na tashi na bar wurin. Daga baya na ji cewa shi ne yake tsallaka gada duk mako ya je gaida tsohon maƙwabcinsa Musulmi da ya kwanta ciwo. Mutumin da ya fi ni hasara nesa ba kusa ba ya fi ni sanyin zuciya, kuma ban ga wani dalili ba sai cewa duk Lahadi yana zama a inda ake tilasta masa furta addu'ar neman gafara kamar yadda shi ma yake gafarta wa masu yi masa laifi, ko yana so ko ba ya so.

A nan ne maganar siyasa take shigowa, kuma ita ce ta fi damuna game da ɗan ƙanwata. Yaron nan da ba ya iya tashi zuwa sujada yana kwana a Facebook yana musu a kan siyasar Amurka, yana kiran kansa mai ra'ayin riƙau, yana yaɗa maganganun masu wa'azin da bai taɓa shaƙar iska ɗaya da su ba. To, tun da Amurkan yake so, bari mu je can. Binciken cibiyar jin ra'ayin jama'a ta Gallup ya nuna cewa a 1999 kashi 70 cikin ɗari na Amurkawa mambobi ne na wani wurin ibada, amma zuwa 2020 sun sauko kashi 47, karo na farko da suka gaza rabi. Wannan raguwa ba ta sanyaya siyasarsu ba ko kaɗan, sai ma ƙara zafi da ta yi. A zaɓen 2016 kusan takwas cikin goma na fararen fata masu bin ɗarikun bishara Trump suka zaɓa, alhali baƙaƙen fata, waɗanda suke cikin mafiya zuwa majami'a a ƙasar, mafi yawansu jam'iyyar Demokrat suke bi, kuma daga majami'unsu ne irin su Martin Luther King, wanda fasto ne na Baftis, suka fito suka girgiza dokokin wariya. Ashe benci ɗaya yana iya fitar da mai riƙau, yana iya fitar da mai neman sauyi. A gidanmu ma haka ne, domin mahaifina, wanda ban taɓa ganin ya yi fashin sujada ba, ɗan a-mutun Malam Aminu Kano ne, ya zaɓi jam'iyyarsa ta masu neman sauyi, PRP, a 1979, ya yi kwana biyu ba ya cin abinci sosai da aka tsige Balarabe Musa a 1981.

Idan riƙau yana nufin riƙe abin da aka gada a miƙa wa na baya, to mahaifina ɗan PRP ya fi ni riƙau, domin shi yana da abin da yake riƙewa: yana share harabar majami'a, yana raka gawa, yana sasanta ma'aurata, yana koyar da yara karatu. Ni a shekarun nan ban riƙe komai ba sai ƙiyayya. Wannan irin riƙau na mutumin da ba shi da ikilisiya shi nake hangowa a idon yaran yanzu, kuma tun da aka rufe wuraren ibada a 2020 saboda korona aka koya musu sujada ta waya abin ya ƙaru. Mutum ya zaɓi mai wa'azin da zai faɗa masa abin da yake son ji, idan ya taɓo laifinsa ya danna ya wuce, sa'an nan ya zo yana gaya wa kawunsa cewa ya fi samun albarka. Wace albarka? Yaran da ba su taɓa ɗaukar benci ɗaya ba, ba su taɓa kwana a gidan makoki ba, su ne suke rubuta wa fastoci yadda za a gyara ikilisiya.

Komawata ba ta zo da wani wahayi ba. Mahaifiyata ce ta rasu a 2005, kafin in gama rasa abin da zan yi sai ga 'yan Zumuntar Mata sun cika gidan da tukwane da itace, suka yi kwana uku suna girki suna waƙa da tulu da kacau-kacau, ba wadda ta tambaye ni inda na shige shekara goma sha huɗu. Abokan majalisata da muke kare addini tare, mutum biyu ne suka leƙo, su ma a tsaye suka yi gaisuwa. Wanda ya riƙe mini hannu a bakin kabari kuwa ɗaya ne daga cikin dattawan da suka sa ni horo. Ban yafe masa a ranar ba, kuma gaskiya ban tabbata shi ya taɓa ganin ya yi laifi ba har ya mutu, amma hannun nasa na riƙe domin shi ne a wurin.

Na zauna da niyyar jera wa matasa shawarwari masu yawa, amma da na tace sai na ga ba su fi ƙwaya biyu ba. Ku je. Ko wa'azin ba daɗi, ko mawaƙa na kuskuren murya, ko kuna zargin ma'aji, ku je ku zauna kusa da wanda ba ku zaɓa ba, domin zumunci a ƙafa yake, kuma ba ku da wani wurin da za a faɗa muku laifinku ido da ido ba tare da kun iya kashe waya ba. Idan kuma kuka ga ana cin kuɗin jama'a ko ana mai da bagadi dandalin yaƙin neman zaɓe, kada ku yi shiru, ku tashi ku fita. Na san na ce ku zauna yanzun nan, kuma na ce ku fita. To ku fita ɗin, amma kafin Lahadi ta zagayo ku tabbata kun sami wata ƙofar da za ku shiga, domin ni mako ɗaya na ce zan huta. Wani lokaci ma nakan ce da ma na ci horon nan na wata uku a bencin baya ina kallonsu duk Lahadi da takardun lissafina a hannu, wataƙila da kuɗin matan nan sun dawo. Wani lokaci kuma sai in ce da na zauna ɗin da na zama irinsu.

Abu na biyu kuwa, duk wanda bai san sunan gwauruwa ko maraya ko ɗaya a ikilisiyarsa ba, ya rufe mini baki a kan kare addini a intanet. Wannan ban sassauta shi ba.

Ƙanwata ta roƙe ni in yi wa yaron faɗa, na ce mata faɗan da Inna ta yi mini bai ƙara mini komai ba sai taurin kai. Abin da na gaya masa kawai shi ne gwiwata ta fara ciwo, tuƙin safe yana wahalar da ni, ina bukatar wanda zai riƙa kai ni da mahaifiyarsa ranar Lahadi, idan ya ga dama ya jira mu a mota. Ya ce zai duba. Na bar masa makullin a kan teburin falon.