Abin da na koya wajen saita kariyar kewaye a kan suwici

Aikin da aka ba ni shi ne in haɗa na'urorin suwici (na'urorin da ke haɗa kwamfutoci a netwok ɗaya) na wani ofis ta hanyoyi biyu, domin idan waya ɗaya ta tsinke sadarwa ta bi ta ɗayar. Buƙata ce mai ma'ana, sai dai duk inda hanyoyi biyu suka haɗa suwici da suwici an samu kewaye, wato hanyar da saƙo zai bi ya dawo inda ya taso, kuma Ethernet, tsarin sadarwar da suwici ke aiki da shi, ba ta da maganin kewaye a cikin jikinta. Ƙunshin IP yana ɗauke da adadin da ke raguwa a kowane zango har ya ƙare a jefar da shi, amma ƙunshin Ethernet ba shi da wannan, saboda haka saƙon da aka yayata ga kowa, irin tambayar ARP da kwamfuta ke yi don neman adireshin wata na'ura, zai yi ta zagaye yana ninkuwa har wayoyi su cika, teburin adireshin MAC, inda suwici ke rubuta wace na'ura ce ke kan wace kafa, ya rikice domin adireshi ɗaya yana bayyana ta kafofi daban-daban, shafin sarrafa suwicin ma ya daina amsawa.

Maganin da kowa ya sani shi ne STP, tsarin da ke toshe hanyoyin da suka yi yawa don kada a samu kewaye, wanda Radia Perlman ta ƙirƙira a 1985 tana aiki a kamfanin DEC, sannan IEEE, ƙungiyar injiniyoyi mai tsara ƙa'idoji, ta mayar da shi ƙa'ida mai lamba 802.1D a 1990. Na'urorin suna aika wa juna ɗan saƙo da ake kira BPDU duk bayan daƙiƙa 2, su zaɓi ɗaya a matsayin tushe, kowace ta nemi hanya mafi sauƙi zuwa gare shi, a toshe ragowar hanyoyin har ranar da za a buƙace su. Tsohon tsarin yana ɗaukar daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ya buɗe hanyar ajiya, wanda ya isa ya katse duk kiran da ake yi ta intanet, don haka na zaɓi RSTP na 2001, samfurin STP mai sauri, wanda yakan gama cikin 'yan daƙiƙu. Ban shiga MSTP ba, wani samfurin da ke raba VLAN (ɓangarorin da ake kasa netwok ɗaya zuwa gare su) kan hanyoyi daban-daban, tun da adadin VLAN ɗin ofishin bai kai a raba su ba.

Da na duba, sai na tarar RSTP a kunne yake tun daga masana'anta a kan dukkan na'urorin, kuma a nan ne mutum yakan yaudari kansa ya ce aiki ya kammala. Kunnawar ba ta yanke komai ba. Kowace na'ura tana zuwa da lambar fifiko 32768, kuma idan lambobin suka yi daidai, mai adireshin MAC mafi ƙanƙanta ce ke zama tushe, wadda sau da yawa ita ce mafi tsufa. A wannan ofis tushen ya faɗa kan wani ƙaramin suwici da ke can gefe, bayanai suna ta bi ta cikinsa alhali ga babban suwici kusa da sabar. Na ba babban suwicin lamba 4096, na ba mataimakinsa 8192, tun da lambar tana tafiya ne da tsallen 4096 daga 0 zuwa 61440. Wasu suna sa 0 kai tsaye. Ni na fi son in bar mataki ɗaya a ƙasa, saboda ranar da za a sauya babban suwicin a iya ba sabon ragama ba tare da an taɓa sauran ba.

Akwai wani abu da ba a cika ambata ba: hanyar lissafin tsadar kowace waya, wato lambar da suwici ke dubawa don zaɓen hanya mafi sauƙi, iri biyu ce. A tsohon lissafi waya mai gudun gigabit 1 tana da tsada 4, a sabon kuma 20000. Idan na'urorin kamfanoni daban-daban ne, sai an tabbatar duka lissafi ɗaya suke yi, in ba haka ba hanyar da za a toshe za ta zama ba wadda aka yi tsammani ba.

Mafi yawan lokacina ya tafi ne a kan kafofin suwici (ramukan da ake jona waya) da ke fita zuwa teburan ma'aikata, domin kewaye ba kasafai yake fitowa daga ɗakin sabar ba. Yana fitowa ne daga wanda ya ga waya a ƙasa ya cusa bakinta biyu a bango don ya gyara wuri, ko wanda ya jona kafofi biyu na wayar tarhon IP duka zuwa bango. Waɗannan kafofi na ayyana su a matsayin kafofin gefe, abin da Cisco ke kira PortFast, domin kwamfuta ta samu adireshi daga DHCP, tsarin da ke raba wa kwamfutoci adireshin IP, nan take ba tare da jira ba. Amma kafar gefe tana buɗewa ne kafin ta yi bincike, saboda haka na haɗa ta da BPDU Guard, wanda ke rufe kafar da zarar BPDU ya shigo ta cikinta. Na kuma sa ta sake buɗe kanta bayan daƙiƙa 300, tare da aika rahoto zuwa sabar da ke ajiye tarihin aukuwa, domin idan kafa ta yi ta rufewa tana buɗewa a san inda za a nufa. Saitin BPDU Filter kuwa, da ke kusa da shi a jeri kuma sunansu ya yi kama, na bar shi a kashe: shi yana hana kafa aikawa da karɓar BPDU, wato yana makantar da kariyar a daidai wurin da aka fi buƙatarta.

Duk da haka akwai giɓi. Wasu ƙananan suwici marasa sarrafawa suna haɗiye BPDU, kuma idan kewayen ya faru a bayan irinsu, babban suwici ba zai ga saƙon da zai sa ya rufe kafa ba, sai dai ambaliyar ta iso masa. Shi ya sa na kunna saitin gano kewaye, wanda ke aika ƙunshi nasa na musamman ya jira ya ga ko zai dawo, na kuma sa iyaka ga saƙonnin yayatawa a kowace kafar gefe. Iyakar sai an auna zirga-zirgar yau da kullum kafin a sa ta, domin idan ta yi ƙasa da yawa za ta jefar da saƙonni na halal.

Tsakanin manyan na'urorin biyu na haɗa wayoyi biyu su zama hanya ɗaya ta LACP, don kada RSTP ya toshe ɗaya ta zauna a banza. Kafofin da ke gangarawa zuwa ƙananan na'urori na sa musu Root Guard, yadda babu baƙuwar na'urar da za ta ƙwace tushe, a wayoyin faiba kuma na sa Loop Guard, tun da zare ɗaya zai iya mutuwa saƙo ya riƙa tafiya ta ɓangare ɗaya kawai, kafar da aka toshe ta daina jin BPDU ta buɗe kanta.

Ban yarda da saitin ba sai da na gwada shi bayan an tashi aiki, da wayar konsol, mai haɗa kwamfuta kai tsaye da suwici, a jone, domin idan netwok ta cika ita kaɗai ce ƙofar shiga. Na cire hanyar farko ina aika ping, saƙon gwajin da ke nuna ko sadarwa tana tafiya, sadarwa ta koma ta biyu. Na jona kafofin gefe biyu da waya ɗaya, kariyar ta rufe kewayen, rahoto ya iso. Daga nan na adana saitin a ma'ajiyar dindindin don kada ya ɓace idan wuta ta ɗauke, na rubuta a takardar ofishin wace na'ura ce tushe, wace ce mataimakiya, da kafar da ya kamata a gani a toshe idan komai yana lafiya.