Godiya bayan kwana biyu a cikin hamadar Tenere

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah mun iso Agadas lafiya jiya bayan isha'i, duk wanda ya kira bai same ni ba ya yi haƙuri, wallahi har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Mun baro garin Fashi zamu Agadas da lodin dabino da kantun gishiri, mu tara a mota, bamu yi nisa sosai ba iska ta taso da rairayi, ko bonet ɗin mota baka gani, sawun motocin da muke bi ya shafe kaf, ga GPS ɗin direba ya mutu, wayar cajinsa ce ta ƙone. Muka yi ta bulayi har dare ya same mu, mai yana ta ƙarewa, ruwa saura jarka biyu.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga Baba tsoho da muka ɗauko a Fashi. Tun a tasha na ga ya rataya madubin hangen nesa a wuya, jumel ɗin nan, har na yi masa dariya a raina nace tsoho da gayu. Ashe irin na ma'aikatan jirgin ruwa ne, da kamfas a cikinsa, in ka leƙa zaka ga lambobi a ƙasan abin da kake kallo, 0 har 360, ka juya su juya. Yace tun lokacin da yake yi wa turawa masu yawon buɗe ido jagora yake da shi.

Da gari ya waye ƙura ta ɗan lafa, ni da azarɓaɓina nace ya hau saman mota ya duba. Yace a'a ɗana, ƙarfen mota yana jan kamfas, sai ya yi maka ƙarya baka sani ba. Ya ajiye wayarsa da wuƙa, ya taka nesa da motar ya hau tudun rairayi, ya daɗe yana leƙe, can yace ga dutsen Fashi, lamba 75, kusan alƙibla. Ni dai na karɓa na duba, wani baƙin layi kawai na gani kamar zare.

Aikin ma daga nan ya fara, don da ka gangara kwari dutsen ya ɓace. Sai ya tura yaron mota gaba da jan rawani, yana masa alama da hannu har ya tsaya daidai kan 75, mota ta je ta same shi, Baba ya sauka ya sake takawa nesa, ya juya ya duba sawunmu ya tabbatar 255 ne, wato kishiyar 75, an ƙara 180, sannan a ci gaba. Haka muka wuni har muka koma Fashi. Yaron nan ƙafarsa duk ta yi bororo, bai ce uffan ba, Allah ya yi maka albarka ƙanena.

Hajiya da ta riƙe jarkar ruwa tana raba mana da murfin buta, mun ji haushinki a lokacin, ki yafe mana. Mutanen Fashi da kuka tarbe mu da shayi da abinci kuka nemo mana mai, da Inna da 'yan uwa da kuka kwana kan sallaya, Allah ya saka da alheri.

Baba ya ƙi karɓar ko dala, wai in dai zan sake zuwa in taho masa da ƙananan batir, fitilar kamfas ɗin ta daina kawowa da dare. Na saya tun da safe, suna aljihuna.