Haƙar daskararriyar ƙasa a kwarin Adventdalen

Daga Tromso muka hau jirgi zuwa Longyearbyen da ke tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, a watan Afrilu. Lokacin ne ya fi dacewa: saman ƙasa a daskare yake, babur ɗin ƙanƙara na jan kaya ba tare da ya ɓata ciyayi ba. Muka nausa kwarin Adventdalen, inda za mu haƙo samfurin daskararriyar ƙasa, da bindiga a kafaɗa, don ba a fita wajen gari hannu rabbana saboda farin beyar.

Ƙasar nan, abin da rani, wato lokacin ɗumi a can, ke narkarwa bai wuce kamar mita 1 na sama ba. Daga nan zuwa ƙasa a daskare take shekara da shekaru. Kayan aikinmu ƙaramin inji ne na hannu da bututun haƙa da ake kira SIPRE, mai haƙoran ƙarfe a baki, wanda ke yanko ƙasa mai faɗin santimita 7.6, doguwa kamar gaɓar rake. Muka share dusar ƙanƙara, mutum biyu suka riƙe injin.

Babban abokin gaba a nan zafi ne. Gogayyar haƙoran na narkar da ƙanƙarar da ke cikin ƙasa, to da zarar ka tsayar da injin bututu na cikin rami, wannan ɗan ruwan zai sake daskarewa ya kama shi gam, sai dai a tono shi. Shi ya sa muke haƙa santimita 20 zuwa 30 kawai, mu zaro yana juyawa, mu kakkaɓe garin da ya taru, sannan mu koma. Ruwa kuwa, irin wanda masu haƙar burtsatse ke turawa, ba ya shiga ramin nan, don zai narkar da ƙasar. A haƙa mai zurfi iska mai sanyi ake hurawa. Tsakuwa na dakushe haƙora nan da nan. Wani wurin kuma ƙasar tsohon gindin teku ce, gishirinta ya hana ta daskarewa sosai, sai samfurin ya fito caɓa-caɓa ya zube.

Kowane yanki muka auna tsawonsa, muka sa a leda, muka rubuta zurfi da kibiya mai nuna sama, sai akwatin sanyi. Fensir ake ɗauka, biro ba ya rubutu a wannan sanyi. A ƙarshe muka zura bututun roba a ramin, muka sauke igiyar na'urorin auna zafi, muka toshe baki don kada ruwan rani ya gangara ciki.