Saƙon Godiya Bayan Kammala Gyaran Gidanmu a Argungu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

A madadin maigidana da yaranmu da ni kaina, ina miƙa godiya ga 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki na nan Argungu da na wajenta, bayan Allah ya nufe mu da komawa gidanmu da aka yi wa gyara, aka kuma yi walima da addu'a ranar Asabar da ta gabata. Ya zo a hadisi cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, kuma da yake waɗanda suka tsaya mana sun fi ƙarfin in bi su gida gida, sai na ga ya dace in rubuta a nan inda kowa zai gani. Ba zan kama sunan kowa ba, domin da yawa daga cikinsu sun roƙe ni kada in yi, amma na tabbata kowa zai gane kansa.

Ga waɗanda ba su san asalin lamarin ba, gidan namu gidan gado ne, ginin ƙasa, kuma yana unguwar da ke gangarawa wajen fadama. Ambaliyar da aka yi a watan Satumba na 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi da Bunza da sauran garuruwan da ke bakin gulbi, ba ta rushe mana ko ɗaki ɗaya ba, sai dai ruwa ya daɗe kwance a gindin katanga, kuma tun daga lokacin ginin bai sake samun lafiya ba. Kowace shekara a toshe nan a yaɓe can, har zuwa watan Agusta na bara, da aka kwana ana ruwa, bangon gabas na ɗakin da nake ɗinki ya zube kafin asuba. Kowa ya san hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa, saboda haka bangon gabas ne ke shan dukan ruwa fiye da sauran. Allah ya kiyaye, babu wanda ke kwance a ɗakin. Godiyata ta farko tana ga samarin unguwa da suka fito cikin ruwan nan da fitilun wayoyinsu, suka ciro keken ɗinkina da buhunan ƙyallaye daga cikin laka tun kafin in dawo hayyacina in ce a yi.

Bayan su sai dattijon maginin da ya jagoranci aikin, wanda ba zan gaji da yi masa addu'a ba. Ranar da ya fara zuwa bai yi maganar kuɗi ba. Ya bi bangayen ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa su da ƙotar cokalinsa, yana kasa kunne, inda duk ya ji ƙarar rami sai ya sa bakin cokalin ya ɓamɓaro, sai ka ga falankin sumunti ya faɗo gaba ɗaya, bayansa kuwa ƙasa ce jiƙaƙƙiya da za ka iya dunƙula ta a hannu. Ya bayyana wa maigidana cewa shafen sumuntin da aka yi wa ginin shekarun baya shi ne ya ƙara masa ciwo, domin sumunti da ƙasa ba sa kama juna sosai, kuma da zarar ya tsage ruwa ya shiga, ba ya samun hanyar fita, sai ya zauna yana cin bangon daga ciki alhali waje yana nan sumul. Ya hau sama ya duba azara, ya nuna mana inda gara ta cinye kawunanta a wurin da suka nutse cikin bango. Da ya sauko sai ya ce da maigidana, "Malam, ɗakunan nan sai sabon gini, amma zauren nan kada ka bari kowa ya taɓa shi, lafiyarsa ƙalau."

Haka kuwa aka yi. An rushe ɗakunan kwana da na ɗinki, an haƙa sabon tushe, an ɗaga daɓen ya fi tsakar gida tudu sosai, an shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankare domin damshi kada ya riƙa tasowa daga ƙasa, sannan aka tayar da bulo, aka rufa kwano, aka sa silin. Zaure kuwa an bar shi da ƙasarsa, an sauya masa azarar giginya inda ta lalace, an tsawaita indararo domin ruwa ya riƙa faɗawa nesa da gindin bango, an kuma shafe shi da makuba kamar yadda iyaye suke yi, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake kwaɓawa da ƙasa don ya hana ruwa kama bango. Akwai waɗanda suka ba mu shawarar mu rushe shi ma, wai ginin ƙasa alamar rashi ce. Ina girmama ra'ayinsu, amma duk wanda ya taɓa zama a zauren ƙasa cikin watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Kabi ke haura maki 40, sannan ya shiga ɗakin bulo mai rufin kwano, ba zai buƙaci a yi masa dogon bayani ba. Ina kuma gode wa kafinta da mai haɗa wayar wuta da leburorin da suka yi aiki cikin rana ba tare da an taɓa jin kansu da kowa ba.

Maganar kuɗi ba abin ɓoyewa ba ce. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, kuɗin ɗauko yashi da tsakuwa ya tashi, kuma duk da cewa masana'antar sumunti tana nan kusa da mu a Kalambaina ta Sakkwato, buhu mai kilo 50 ya zama abin da talaka ke lissafi kafin ya saya. Matan adashinmu na makarantar Islamiyya sun amince suka ba ni kwasa kafin lokacina, wadda layi ya zo kanta ta janye da kanta ba tare da an roƙe ta ba. Kawuna da ke kasuwanci a Jega ya aiko da kwanon rufi, ƙanena da ke aiki a Kaduna ya ɗauki nauyin ƙofofi da tagogi, wani maƙwabcinmu mai amalanken shanu kuma ya yi ta kawo mana ƙasar cikon daɓe bai karɓi ko sisi ba. Allah ya mayar muku da ninkin abin da kuka fitar.

Duk tsawon aikin, a gidan yayan maigidana muka zauna, kuma a nan ne nake son in ɗan tsaya, domin abin da uwargidansa ta yi mini ya wuce ba da masauki. Na iso gidan da niyyar in rufe keke in ajiye har sai mun koma namu, saboda ina jin nauyin in cika musu gida da tsummoki da ƙarar keke. Kashegari da safe ta sa yara suka share rumfar da take shan iska, aka shimfiɗa babbar tabarma, aka ɗauko keken aka kafa. Da na fara kawo uzuri sai ta ce, "Ƙanwata, hunturu ba zai jira a gama ginin ku ba, kuma masu ba ki aiki ba za su kwana da sanyi don kunyarki ba." Yaya, na gode. Da na ajiye ɗinkin nan a watannin da aka fi nemansa, da kuɗin fenti da na tayil ɗin ɗakuna ba su samu ba, kuma da na rasa mutanen da na yi shekaru ina tarawa.

Da yake wasu da suka zo walima sun yi ta tambaya game da barguna da suka gani a kan gadaje, bari in yi bayani kaɗan, domin a cikin bayanin ma akwai waɗanda suka cancanci godiya. Bargon ƙyallaye hawa uku ne. Na sama shi ne fuskar, wadda ake haɗawa da guntayen atamfa da shadda da yadi, a yanka su daidai da juna, a jera su yadda launi zai zauna da launi, a ɗinke su layi layi sannan a haɗa layukan. Na tsakiya auduga ce da aka shimfiɗa daidai, ko kuma soso marar kauri ga mai son mai sauƙin kuɗi, na ƙasa kuma shafi ne na yadi guda. Kafin a yanka komai sai an wanke ƙyallayen an goge su, saboda wani yadin yana zuba, wani kuma yana tsukewa a wankin farko, idan aka haɗa su haka nan bargon zai tattare ya ɓaci. Wurin haɗa hawa ukun shi ne inda aikin yake. Sai an sami fili mai faɗi an baje su, a ja kowane gefe ya miƙe, a zana layuka da alli, a kama su da manyan ɗinkin hannu na wucin gadi, sannan a fara ɗinki daga tsakiya ana fita zuwa baki, ana barin tazarar da ba ta wuce faɗin yatsu huɗu ba tsakanin layi da layi. Idan tazarar ta yi yawa, audugar za ta dunƙule gefe guda bayan an wanke. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah ya ga lifidin da ake sa wa dawaki, wanda shi ma yadi ne da aka cusa wa auduga aka bi shi da ɗinki don kada ta motsa. Ni dai a wurin kakata na koya, ita da hannu take yin nata daga farko har ƙarshe, da tsofaffin zannuwan gida.

To, a rumfar Yaya babu filin da zai ɗauki bargon gado babba, saboda haka kowace ranar haɗi sai an kwashe kayan tsakar gida, an hana kaji fitowa, 'ya'yanta mata su riƙe kusurwoyi huɗu ni kuma ina rarrafe a tsakiya da allura. Sun yi haka ba sau ɗaya ba, ba su taɓa nuna gajiya ba, har babbar ta iya jera launi fiye da yadda nake zato. Ina gode wa telolin kasuwa da suka ci gaba da tara mini ragowar yanka, musamman bayan ɗinkin Sallah, suna aiko da su har inda na koma. Turmin atamfa yadi 6 ne, kuma kusan kowane ɗinki sai ya bar guntaye, waɗanda a da share su ake yi a ƙone. Ina gode wa 'yan matan da ke koyon aiki a wurina, da iyayensu da suka bar su suna bin doguwar hanya zuwa wata unguwa. Ina kuma gode wa masu ba ni aiki, musamman iyayen amare daga Birnin Kebbi da Gwandu da Kamba da suka ba da kuɗin kayan ɗaki tun kafin su ga aiki, suka kuma yi haƙuri da jinkirin da ƙaura ta jawo.

Yanzu mun dawo, ko da yake ba zan ce mun gama zama ba, domin har yau akwai kwalaye a ɗakin yara da ba a buɗe ba, kuma ƙaramin yaronmu yana ta neman ƙofar kicin a inda take a da. Sabon ɗakin ɗinkin an yi shi da shawarata. An faɗaɗa shi yadda zan iya baje bargo mafi girma a ƙasa in zagaya shi, an buɗe taga babba ta arewa wadda ke ba da haske duk yini ba tare da rana ta cika faɗowa kan kaya ta kashe musu launi ba, an kuma kafa kantoci sama da ƙasa sosai, nesa da bango kaɗan, saboda maginin ya gargaɗe ni cewa sabon shafe yana daɗewa yana fitar da damshi, kuma yadi da auduga suna saurin yin fumfuna idan aka jingina su da shi. Keken ƙafata na nan a gaban tagar, ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke, ƙaramin farantin sola da aka ɗora a rufi kuma ya wadatar da ƙwai biyu don aikin dare. Bargon farko da aka gama a ɗakin na Yaya ne, da ƙyallayen da 'yarta ta jera.

Game da walimar kanta, muna gode wa limamin masallacin unguwarmu da malaman da suka yi karatun Alƙur'ani da addu'a, da mai unguwa da ya zo da kansa, da matan da suka kwana suna girkin tuwon shinkafa da miyar kifi, da waɗanda suka ba da aron tabarmi da kujeru da manyan tukwane, da waɗanda uzuri ya hana su zuwa suka bugo waya. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya tsare gidajenku daga ruwa da gobara, ya kuma ba waɗanda har yanzu ambaliya ta raba da muhallinsu ikon komawa.

Masu aikin da ke hannuna za su iya zuwa karɓa a gida daga mako mai zuwa, tsakanin la'asar da magariba, ban da ranar Juma'a. Masu son bargon hunturu mai zuwa su kawo aikinsu kafin ƙarshen watan Oktoba, domin daga Nuwamba layi yana tsawo. 'Yan matan da iyayensu suka yi mini maganar koyo kuma su zo da almakashinsu da allurar hannu ranar Litinin da hantsi.

Wassalamu alaikum.